Adda Safiya da Kwamfutocin da Suka Ƙi Tashi

Duk wanda ya taɓa shiga cibiyar Adda Safiya da safe ya san dokarta ta farko: da zarar an danna makunnin kwamfuta, kowa ya kama bakinsa. Ba gaisuwa, ba tari, ba jan kujera. Sai ta ɗaga hannun hagu sama kamar mai tsayar da mota, ta kafe allon da ido, tana bin farin rubutun nan da yake gudu a kan baƙin allo kafin hotuna su fito. Mu duk kau da kai muke yi daga rubutun nan, ita kuwa karanta shi take yi, har leɓenta na motsi. Sai injin ya gama tashi za ta sauke hannu, ta juyo da fara'a ta ce, "To, ina kwananku?"

Na taɓa tambayar ta dalili. Ta ce, "Isyaku, lokacin tashi ne kaɗai kwamfuta take faɗin gaskiyar lafiyarta. Bayan nan duk kwalliya ce. Kai ma in ana son sanin halinka, matarka za a tambaya yadda kake da asuba."

Ni ne Isyakun, ƙaninta, malamin gona, wanda ta mayar direban babur ɗinta ba tare da ta nemi shawarata ba. Yawancinku kun san ta, wasunku ma ta ja muku kunne, don haka ba sabon labari na kawo muku ba. So nake mu tuna ta yadda take. Tun da ta rasu nake jin ana cewa mai haƙuri ce, mai sanyin hali. Allah ya ba masu faɗi lada, amma ba yayata suke nufi ba.

A Gwiwa aka haife mu, gidan shanu da gero. Ita ce ta fara yin karatu mai zurfi a gidanmu. Ta karanci ilmin kwamfuta, ta yi shekaru tana aiki a Kano, a ofis mai sanyi. Rana ɗaya ta tattaro kayanta ta dawo Kazaure, da mota cike da tsofaffin kwamfutocin da wani kamfani ya gaji da su. Ta ce yaran ƙauyukanmu suna faɗuwa jarrabawar shiga jami'a ba don ba su da kai ba, sai don ranar jarrabawar ce ranar farko da hannunsu ya taɓa kwamfuta. Ƙungiyar iyaye ta ba ta aron ɗaki, ta kafa sola a rufi, cibiya ta samu.

Ranar buɗewa aka gayyato wani babban mutum. Ba zan kama suna ba, yana nan da ransa kuma muna gaisawa. Ya miƙe cikin babbar riga yana jawabi, ya kai daidai wajen ci gaban matasanmu, sai wani mai rawar kai ya danna makunnin kwamfutar da ke kan teburin baƙi. Hannun Adda ya tashi sama.

"Ranka ya daɗe, a ɗan dakata," in ji ta.

Bawan Allah ya tsaya da kalma a baki. Ya dube ta, ya ga ta sunkuyar da kai, leɓe na motsi, sai ya ɗauka addu'a ake yi. Ya ɗaga tafukansa. Da jama'a suka ga babban baƙo ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, har masu rabon lemo. Wuri ya yi tsit. Injin ya gama tashi lafiya, Adda ta sauke numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi." Taro ya amsa da amin, aka shafa.

A hanyar gida na ce, "Adda, kin san dai kin sa mutane sun yi wa kwamfuta addu'a?"

Ta ce, "Ai tana buƙata. Ka san shekarunta?"

Sunan Kanar kuwa, wanda har yara suke kiran ta da shi a bayan idonta, a motar haya ta samo shi, kuma ina wajen. A cikin kowace kwamfuta akwai wani tsari da yake fara farkawa idan an kunna ta. Shi ne yake raba wa kowane aiki wurin zamansa da lokacinsa, kamar yadda mai gida yake raba wa 'yan aiki kuyoyi a gona. Masu sana'ar suna kiran sa da wani suna na Turanci wanda a kunne ba shi da maraba da kanar na soja. Ita ma Adda haka take faɗin sa, kanar, ba ruwanta da wanda ke saurare.

Muna cikin mota za mu Babura gaisuwar rasuwa, sai wani tsohon abokin aikinta ya kira daga Kano, babbar kwamfutar ofishinsu ta ƙi tashi. Kun san muryarta a waya, kamar tana son na Kano ya ji ta ko da layi ya katse.

"Me ka ce? Kanar ya firgita? Tun kafin ya tashi, ko bayan ya tashi?" Ta ɗan saurara. "To, kar kowa ya taɓa shi. Ku kashe shi ku jira ni. Gobe zan zo in sa wani."

Mota ta yi tsit. Direba ya rage rediyo. Dattijon da ke kusa da mu ya matsa har yana neman hawa cinyar na gefensa. Can sai wata tsohuwa daga baya ta ce a hankali, "'Yar nan, ki ji tsoron Allah. Shi ma ɗan wani ne."

Ban gama dariya ba muka isa shingen bincike. Direba ya leƙa ta taga, ya raɗa wa jami'in cewa Hajiyar da ke ciki ita take cire kanar ta sa wani. Jami'i ya ƙame, ya sara mata, ya ce mu wuce. Da wani ne da ya gyara zama ya ji daɗinsa. Adda kuwa ta tsani a ɗora mata abin da ba nata ba. Ta sa direba ya tsaya a gefe, ta fita, ta samu tsinke, ta durƙusa tana zana wa jami'in nan cikin kwamfuta a ƙasa. Rana na dukan mu, fasinjoji na fifita, ita tana bayani. Daga ƙarshe ya ce, "Hajiya, na gane. Wallahi na gane. Allah ya kiyaye hanya."

Ta kakkaɓe hannu ta ce, "Ba ka gane ba. Amma ka fi ɗaliban bara ƙoƙari."

Wajen tattali ma ban ga na biyunta ba. A wurin Adda ba a cewa abu ya mutu, sai dai a ce ba a gano ciwonsa ba tukuna. Madannin da harafi ya ɓalle, maɓallin riga take liƙa masa ta rubuta harafin da biro. Tsofaffin zannuwan Inna, mahaifiyarmu, ta yayyanka ta ɗinka wa kowace kwamfuta mayafi, har ɗalibai suka daina kiran su da lamba, sai ka ji ana cewa yau ni ce a kan mai atamfa kore. Ranar da Inna ta fara leƙa cibiyar, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa ɗakin kallo, ta ce, "Safiya, wancan na kan talabijin ta uku, shi na ɗaura ranar sunanki."

Akwai wani ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, Ɗanladi, da ya ji labarin ɗaki cike da tsofaffin injuna, ya turo kurarsa yana murna. Adda ta karɓe shi da fara'a, ta ba shi ruwa mai sanyi, sannan ta ce ya bari ta ga abin da ke cikin kurar. Ta zazzage kayansa a tsakar ƙofa, ta tsince 'yan fankoki da wayoyi da duk wani allo mai kore. Mutumin da ya zo saye, ya koma ya sayar. Ya sake zuwa, aka sake yi masa haka. Daga nan ya daina bin layin. Wata rana tana neman wata waya, ta aike ni nemansa. Na same shi bayan kasuwa, hannunsa biyu a kan kura.

Ya ce, "Malam, don Allah ka ce mata na daina sana'ar."

To, shekarar da kwamfutocin suka ƙi tashi ita nake so ku riƙe, domin a nan ne taurin kan da muke yi wa dariya ya yi rana.

Manhajar da yara suke gwajin jarrabawa da ita aka sabunta, sabuwar kuma ta ƙi aiki a kan tsohon tsarin da ke cikin injunan. Tsarin nan na kyauta ne, mutane daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa suna rubuta shi, kowa yana iya buɗe cikinsa ya karanta. Adda ta sauko da sabon ta ɗora wa 'yan kaɗan don gwaji. Ta danna makunni, ta ɗaga hannu. Fanka ta juya, 'yar fitila ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin, ko harafi ɗaya babu. Ta gwada ta biyu, haka. Ta uku, haka. Duk injunan iri ɗaya ne, daga ofis ɗaya suka fito, don haka ciwon ɗaya ciwon duka ne. Ban taɓa ganin hannunta ya daɗe a sama irin na ranar ba.

Ga jarrabawa ta gabato. Ga yara suna tahowa daga Roni da Gwiwa da Achilafiya, wasu a keke, wasu a bayan babur su uku uku, su zo su tarar babu abin da ya kawo su.

Shugaban ƙungiyar iyaye, Alhaji Musbahu, mutumin kirki ne, amma ya daɗe yana hangen ɗakin nan don ajiyar taki. Ya zo ya zauna a kujerar ɗalibai, ya ce, "Hajiya, kin yi iya ƙoƙarinki. Injunan nan sun tsufa. A sallame su, yaran su je Kano su koya."

"Alhaji, wane uba ne a Roni zai tura 'yarsa Kano ta yi makonni a gidan da bai sani ba?"

"To, ya za a yi?"

"Jiya da tsohon kanar sun tashi lafiya. Yau da sabo sun ƙi. Su ba su canza ba, don haka laifin ba nasu ba ne."

"In kuma ba su tashi ba kafin jarrabawa fa?"

Ta ce, "In ba su tashi ba, ni da kaina zan kira Ɗanladi."

Ni da na san tsakaninta da Ɗanladi, na san ba ta da rantsuwar da ta fi wannan.

Ta bar wa yaran sauran injunan da tsohon tsari su ci gaba da koyon bugu, ta naɗe guda a zanen Inna ta rungume a bayan babur ɗina muka nufi gidanta. A hanya wata mata ta ɗaga mana hannu ta ce, "Allah ya raya." Adda ta amsa da amin da gaske.

A tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, ta yi min bayani da yaren da ta san zan ji. Ta ce, "Kai da kake yawon rabon iri, saurara. Memorin kwamfuta, wato inda take sauke duk abin da take aiki da shi, gona ce. Kanar in ya farka, abu na farko da yake yi shi ne ya tambayi jikin injin: ina taswirar gonar nan, ina ne babu kowa? Sai a miƙa masa. Shi kuma dole ya samu fili guda a haɗe ya sauke kayansa kafin ya yi komai, kafin ma ya iya rubutu a allo. In bai samu ba, nan take yake faɗuwa, bai ko buɗe baki ya ce ga abin da ke damun sa ba. Ina kyautata zaton abin da ke faruwa ke nan. Abin da ban sani ba shi ne, me ya sa tsoho yake samun fili, sabo ba ya samu, alhali gona ɗaya ce."

Na ce, "To in ba ya magana, yaya za ki ji ta bakinsa?"

Ta ce, "Zan sa shi kuka."

Ashe da gaske take. A cikin injin akwai wata 'yar lasifika da ba ta iya komai sai ƙara guda, tsiit. Adda ta buɗe rubutun kanar, ta bi shi mataki mataki, duk inda ya gama wani aiki ta sa masa umarni ya yi tsiit. Sai ta kunna ta kasa kunne. Inda kukan ya tsaya, nan ya faɗi. Ta matsar da kukan gaba kaɗan, ta sake haɗa kanar, ta sake kunnawa. Haɗawar kuwa a tsohuwar kwamfutarta ta hannu take yi, wadda kafin ta gama sai a dafa wake ya nuna. Daga safe har la'asar ba abin da kake ji a gidan sai tsiit, tsiit, shiru. Tsiit, tsiit, tsiit, shiru.

Mijinta Malam Habu, shugaban makarantar firamare, shi ne mai haƙurin da kuke nema a gidan nan. A kwanakin ya koyi dafa taliya. Inna kuwa, da take zaune a wurinsu lokacin, ta jure har ta gaji. Wata rana ta ɗaga labule ta ce, "Safiya, tsuntsun nan naki, ko ki ba shi ruwa ko ki sake shi."

Kukan ya tabbatar mata da zatonta: daidai wajen neman fili kanar yake faɗuwa. Saura ta gano wane gyara ne ya jawo haka, a cikin tulin gyare-gyaren da mutanen duniya suka yi tsakanin tsoho da sabo. Na ce ai wannan neman allura ne a cikin rumbu. Ta ce, "Ba haka ake nema ba. In akuyarka ta ɓata tsakanin Kazaure da Roni, je ka tsakiyar hanya ka tambaya ko ta wuce. In ta wuce, ka manta da rabin baya. Ka sake zuwa tsakiyar abin da ya rage." Haka ta riƙa yi. Ta ɗauki kanar na tsakiya ta gwada, in ya tashi ta matsa gaba, in ya faɗi ta ja baya. Da safe tana cibiya da yara, da rana tana ƙarƙashin rumfa. Ta rame, idanunta suka faɗa. Alhaji Musbahu yakan biyo ta ƙofar cibiyar ya yi sallama, ya auna ɗakin da ido, ya wuce.

Ranar kasuwar Gwiwa ce, ina tsaye a gonar wani manomi muna duba tsutsa a masara, wayata ta yi ƙara. Muryarta ce: "Isyaku, taho yanzu." Ta kashe. Na ce shi ke nan, Inna ce. Na bar manomi da ganye a hannu, na ja babur, ko ramukan hanya ban gani ba. Na faɗa gidan ba sallama. Ga Inna a kan tabarma tana gyaran zogale, lafiyarta lau.

Adda ta ce, "Tsaya nan." Ta danna makunni.

Fanka ta juya. Sai ga farin rubutu ya ɓarke a kan allon yana gudu, layi bayan layi, har hoto ya fito. Na ga ta ja bakin mayafinta ta goge ido, sannan ta harare ni don kar in ce na gani.

Na ce, "Adda, saboda wannan kika taso ni daga Gwiwa?"

"Shaida nake buƙata. Malam yana makaranta, Inna kuma ta ce tsuntsun ne ya mutu."

Inna ta ce daga kan tabarma, "Ai ya sha wahala."

Abin da ta gano shi ne, taswirar da injunan nan suke bayarwa tana da ɗan kuskure tun daga masana'anta. Babban fili guda an ambace shi sau biyu: a wuri ɗaya an ce babu kowa, a wani wurin an ce gefensa hurumi ne, kar a taɓa. Tsohon kanar yakan yanke gefen ya yi amfani da sauran. Sabon kuwa wani ya koya masa tsantseni, da ya ga saɓani sai ya bar filin gaba ɗaya, ya koma yana neman wuri a 'yan guntayen da suka rage, ya rasa. Gyaran da ta yi 'yan layuka ne da tafin hannu zai rufe su. Na ce, "Duk wahalar nan a kan wannan?" Ta ce, "Ƙaya ma ƙarama ce, amma tambayi wanda ya taka."

Kafin mako ya zagayo duk injunan cibiya sun tashi, yara suka dukufa gwaji, suka shiga jarrabawa hannunsu ya saba. Alhaji Musbahu ya zo ya tsaya yana kallon su, ya gyaɗa kai ya ce, "Hajiya, ai da ma na san za ki iya."

Ta ce, "Alhaji, ni ma da ma na san za ka faɗi haka."

Ni na ɗauka magana ta ƙare. Ina. Ta ce injuna irin waɗannan ba a Kazaure kaɗai suke ba, suna nan a makarantu da asibitoci a ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba, kuma masu su ma haka za su wayi gari da baƙin allo. Ta aika gyaranta wurin masu kula da tsarin. Wanda yake riƙe da ɓangaren memori wani Bature ne a wata ƙasa mai sanyi. Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, kuma mutum ne mai rowar magana. Amsarsa ta farko, kamar yadda ta fassara min, ita ce: tazarar layukan ba daidai ba ce, bayanin kuma ya yi tsawo. Ashe har labarin gona da hurumi ta rubuta masa.

Na ce yau za a yi ta. Sai na ga ta gyara tazarar ba musu. Ta ce, "Gidansa ne. Shi ya san inda ake ajiye takalmi."

Amma da ya sake rubutowa cewa bai ga amfanin ƙara wa kanar kaya saboda injunan da babu mai amfani da su yanzu ba, sai ta miƙe tsaye. Ta jira safiya, ɗaki ya cika, ta ɗauki hoto daga baya: layukan hijabai da huluna, kowa da allo a gabansa. Ta aika masa, ta rubuta a ƙasa cewa ga babu-kowa nan suna gaishe shi. Suka yi ta kai da komowa, shi da tambaya ita da hujja, yana sa ta gwada kaza tana gwadawa ta aika masa da sakamako. Daga ƙarshe amsarsa ta zo, kalma ɗaya tak: an karɓa.

Ranar ni na fi ta rawar kai. A majalisarmu, a wurin mai shayi, har a taron manoma, sai da na faɗa cewa hannun 'yar Gwiwa yana cikin kwamfutocin duniya, kuma sunanta yana rubuce a jikin gyaran. Labari ya koma mata. Ta kira ni ta ce, "Isyaku, ka daina cika min baki a gari. Ba ni na saƙa rigar ba, inda ta yage na ɗinke." Na juya zan tafi, sai ta ƙara da cewa, "Amma ɗinkin ya yi kyau, ko?"

Shekaru suka shuɗe bayan haka. Ciwonta bai ja lokaci ba, kun sani. Damina ta faɗi tana tsaye a kan ƙafafunta, kafin a yanke gero mun kai ta makwancinta.

Bayan arba'in, Rabi ta kira ni. Kun san Rabi, 'yar Roni, tana cikin yaran da suka ci jarrabawar waccan shekara, ta je ta karanto kwamfuta ta dawo, yanzu ita ke riƙe da cibiyar. Ta ce saƙo ya shigo daga Baturen nan. Za su sake taɓa ɓangaren memori, kuma ba ya son a karɓi komai sai Safiya ta gwada a kan injunanta ta ce ta yarda. Na zauna a kujerar ɗalibai. Rabi ta rubuta masa cewa Allah ya yi mata rasuwa.

Washegari ya amsa, kuma Rabi ta ce duk saƙonninsa na baya in an haɗa ba su kai wannan tsawo ba. Ya ce bai taɓa jin muryarta ba, amma duk lokacin da ya zo yanke hukunci a kan tsofaffin injuna sai ya tambayi kansa abin da za ta ce, kuma yawanci ba ta yarda da shi. Ya roƙi a isar da ta'aziyyarsa ga iyalinta. To, ga shi na isar. Gwajin kuma Rabi ta yi shi, ta samo masa kuskure guda, ya gyara.

Allah ya jiƙan Adda Safiya. Allah ya yafe mata, ya yalwata kabarinta, ya haskaka shi. Yaran da ta buɗe wa hanya, waɗanda ta sani da waɗanda ba ta sani ba, Allah ya kai mata ladansu. Ya ba Inna da Malam Habu juriya. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.